Mazan Jiya Sun Koma Bariki: Tsofaffin Sojojin Umbadda da Bashin da Ke Kan Ƙasa

Ranar 26 ga Mayun 2023, makonni shida da ɓarkewar yaƙi tsakanin rundunar sojan Sudan da dakarun Da'amus Sari'i, waɗanda duniya ta fi sani da RSF, Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta yi shela ga hafsoshi da ƙananan sojojin da suka yi ritaya, kowa ya nufi barikin da ya fi kusa da shi a ba shi makami. Bayan wata ɗaya, a jajibirin Babbar Sallah, shugaban rundunar sojan, Janar Abdulfattah al-Burhan, ya faɗaɗa kiran, ya haɗa da matasa da duk wanda zai iya ɗaukar bindiga. Daga nan aka samu rukunin mayaƙan da mutanen Sudan ke kira mustanfirin, wato masu amsa gayyar yaƙi. Yawancinsu samari ne da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Amma a tsakiyarsu akwai dattawa masu furfura, waɗanda suka taɓa cin kaki, suka ajiye, ga shi kuma sun sake ɗauka.

A kan waɗannan dattawa nake so mu tsaya. Me ya fitar da su daga gida? Me suka tarar a barikin da suka bari shekaru da dama? Me kuma ya wajaba a kan hukumar da ta kira su? Na zaɓi in dubi lamarin daga Umbadda, domin a can ne tambayar ta fi zafi, kuma a can akwai 'yan'uwanmu Hausawa da abin ya shafa kai tsaye.

Unguwar da ke ba da soja

Umbadda na yammacin Omdurman, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi bakwai na jihar Khartoum. A ƙidayar 2008 mutanenta sun kusa miliyan ɗaya. Gari ne na masu neman na kansu. Farin 1984 zuwa 1985 ya koro dubban iyalai daga Kordofan da Darfur suka yada zango a bakin Omdurman, yaƙe-yaƙen Kudu da Duwatsun Nuba da Darfur suka ƙaro wasu. An yanka unguwannin an ba su lambobi, hara ta kaza da hara ta kaza, har zuwa Darussalam. A nan babbar kasuwar Suk Libya take, can gaba kuma ga karar shanu da raƙuma ta Muwailih. Hausawa da Fulani da Barebari na zaune cikin wannan cakuɗa, suna kasuwanci, suna sana'ar hannu, suna karantar da yara.

Daga irin waɗannan unguwanni ƙananan sojojin Sudan suke fitowa tun da daɗewa. Manyan hafsoshi galibi 'ya'yan garuruwan bakin Nilu ne na arewa da tsakiya, amma farabiti da kofur da saje 'ya'yan talakawa ne daga yamma da kudu da gefen birane. Idan suka gama aiki, can suke komawa da ɗan fanshonsu. Wani ya sayi raksha, wato keke mai ƙafa uku, yana haya, wani ya kama gadi a kamfani, wani ya buɗe tireda a ƙofar gida.

Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, Umbadda ta faɗa tsaka mai wuya. Ta yamma RSF ke shigo da mayaƙa da kaya daga Kordofan da Darfur, don haka suka kafa shingaye a manyan titunanta, suka riƙe Suk Libya. Sojoji kuwa suna arewa, a Karari da sansanin Wadi Sayyidna, wasu kuma an yi musu ƙawanya a barikin injiniyoyi na Muhandisin. Wuta ta riƙa sauka kan jama'a ta ko'ina. A watan Yulin 2023 harin jirgin sama ya kashe mutum 22 a Darussalam, bisa alƙaluman hukumar lafiya ta jihar. A farkon Satumba kuma ƙungiyar lauyoyin agajin gaggawa ta ce luguden igwa ya kashe aƙalla 32 a Umbadda, ta ɗora alhakin a kan sojoji. Wato tsohon sojan da ke zaune a nan ya ga ta'asar RSF a ƙofar gidansa, ya kuma ga harsashin rundunarsa ta dā ya faɗa kan maƙwabta. Duk da haka da yawa sun koma.

Abin da ya mayar da su

Dalili na farko tsira da rai. A yankunan da RSF ta riƙe, kasancewar mutum tsohon soja ko tsohon ɗan sanda laifi ne da kansa. Ana tsare mutane a shinge, a bincika wayoyinsu, wanda aka ga hotonsa da kaki sai a wuce da shi. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a watan Maris na 2025 kan wuraren tsare mutane a jihar Khartoum, har da kurkukun Soba, ya bayyana azabtarwa da yunwa da mace-mace, ya kuma nuna cewa ɓangarorin biyu duk suna da nasu wuraren. Ga tsohon saje, zama a gida ba ya nufin an bar shi lafiya.

Na biyu abinci. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta wuce fam 600 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura fam 2,000. Fanshon da dama ba ya kai mutum ƙarshen wata sai ya zama ba ya sayen ko buhun dawa. An wawushe kasuwanni, an ƙwace motoci da rakshoshi. Iyalai suka koma dogaro da takiyya, girkin gayya da matasan unguwa ke yi, da ɗan abin da dangi ke turowa ta manhajar Bankak. A bariki aƙalla akwai abinci, akwai kuma fatan albashi.

Na uku mutunci. Mutumin da aka kora daga gidan da ya gina da guminsa, ko aka ci zarafin iyalinsa a gabansa, ba ya buƙatar doguwar huɗuba kafin ya nemi bindiga. Na huɗu kuwa shi ne wanda farar hula ba su cika ganewa ba: soja gida ne ga wanda ya yi rayuwarsa a ciki. Ya san lambarsa, ya san abokan da suka shiga kurtu tare, kuma yana jin kunya a ce rundunarsa na cikin ƙawanya shi yana kwance.

A ɗauki misalin irin maganar da ta gudana a gidaje da yawa. Dattijo ya tono tsohuwar takardar sallamarsa daga ƙasan akwati, ya naɗe ta cikin leda, ya cusa a ƙugun wando inda mai bincike ba zai yi saurin kai hannu ba. Ya share hotunan wayarsa, ya sa tsohuwar jallabiya da hula, ya zama kamar mai zuwa ta'aziyya. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Malam, ka yi naka tun da ƙuruciya. Idan ka tafi, wa ka bar mana?" Babban ɗansa ya ce, "Baba, ni ya kamata in je, kai ka zauna." Shi kuwa amsarsa ita ce, "Kai ba ka san ta ba, ni na san ta. Ka kula da mahaifiyarka da ƙannenka." Tafiyar da a dā ba ta wuce hawa mota ɗaya ko biyu ba, daga Umbadda zuwa Karari, yanzu sai an bi lunguna, an tsallake shingen wannan ɓangare, sannan a tsaya a shingen wancan ana yi wa mutum tambayar me ya zaunar da shi cikin abokan gaba duk tsawon wannan lokaci.

Barikin da suka tarar

Rundunar da ta kira su tana da jirage da tankoki da igwa da manyan hafsoshi, amma tana ƙarancin sojan ƙasa. Wannan kuwa sakamakon siyasar shekaru ne. Gwamnatin Umar al-Bashir ta kori ɗaruruwan hafsoshi bayan juyin mulkin 1989 da sunan maslahar jama'a, ta kashe hafsoshi 28 a watan Azumin 1990. Maimakon gina runduna ɗaya mai ƙarfi, sai ta riƙa ba da kwangilar yaƙi ga mayaƙan sa-kai: Difa'us Sha'abi tun 1989, Janjawid a Darfur daga 2003, sannan RSF da aka kafa a 2013 aka yi mata doka a 2017. Ranar da RSF ta juya wa sojoji baya, sai aka wayi gari masu yaƙin ƙafa suna wancan ɓangaren. Dole ta sa aka tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin farko da aka ɗora wa yawancinsu shi ne horar da samari. Duk wanda ya ga sansanonin horon ya san siffarsu: filin ƙwallo ko farfajiyar makaranta, bayan sallar asuba, samari sun yi sahu, wasu da silifa, wasu da wandon wasanni. Tsohon saje ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance Kalashnikof gunduwa-gunduwa, ya jera sassan, ya sake haɗawa, sannan ya miƙa wa na farko a layi. Yana nanata musu kada yatsa ya hau kunama sai an ba da umarni, kada bakin bindiga ya kalli ɗan'uwa, kada a taru wuri ɗaya idan an ji ƙarar abu a sama. Horon da a dā ake yi cikin watanni, yanzu cikin makonni ake gama shi.

Shi kansa malamin yana da abin koyo. Yaƙin da ya sani na daji ne, a Kudu ko Duwatsun Nuba ko Darfur. Wannan kuwa na cikin gari ne, gida-gida, ana huda katanga a bi ta ɗakunan mutane, maharba na laɓe a saman benaye, jirage marasa matuƙa na shawagi. Yaron da bai kai ɗansa ba shi ke riƙe da na'urar tuƙa jirgin, shi kuma dole ya saurare shi. Gwiwa ba ta ɗaukar gudu kamar dā, ga hawan jini, ga ciwon suga, magani kuma ya yi wuya. Sannan ga maganar muƙami: wani ya tarar wanda ya koya wa fareti shi ne yanzu mai ba shi umarni.

Haɗuwar tsofaffin hannu da sababbin jini na daga abin da ya sauya akalar yaƙin a Omdurman. A watan Fabrairun 2024 sojojin Karari suka haɗe da na Muhandisin, ƙawanyar ta karye. Ranar 12 ga Maris suka ƙwace gidan rediyo da talabijin. Shekara guda bayan haka, ranar 21 ga Maris na 2025, suka shiga fadar shugaban ƙasa, ranar 29 ga watan suka karɓi Suk Libya, sannan ranar 20 ga Mayu aka yi shelar cewa babu sauran RSF a jihar Khartoum. Umbadda ta shafe kusan shekara biyu tana jiran wannan rana.

Komawa iri biyu

Akwai mutum biyu da labarinsu ya isa ya nuna cewa komawa soja ba iri ɗaya ba ce. Na farko Laftana Muhammad Siddik. A watan Afrilun 2019, lokacin zaman dirshan na adawa da gwamnatin al-Bashir a ƙofar hedikwatar soja, yana cikin ƙananan hafsoshin da suka fito fili suka kare masu zanga-zanga. A Fabrairun 2020 rundunar ta yi masa ritaya, jama'a suka fito titunan Khartoum suna neman a mayar da shi, 'yan sanda suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa. Da yaƙi ya zo, wannan da aka kora ya dawo fagen daga tare da rundunar da ta kore shi. A watan Mayun 2024 ya faɗa hannun RSF a yankin matatar mai ta Jaili, aka kashe shi bayan an kama shi da rai, abin da shari'ar Musulunci da dokar yaƙi ta duniya duk suka haramta. Ya koma ne a matsayin mutum ɗaya da ya shiga sahu ya karɓi umarni.

Na biyu Abu Akla Kaikal. Ya kafa dakarun Dir'us Sudan a ƙarshen 2022, ya koma RSF a 2023, yana cikin waɗanda suka jagoranci kama Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disambar shekarar. A Oktoban 2024 ya dawo ɓangaren soja da mutanensa da makamansa, aka yi masa afuwa, RSF kuma ta huce a kan ƙauyukan gabashin Jazira. A Janairun 2025 dakarunsa na cikin waɗanda suka ƙwato Wad Madani. Amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a ranar 10 ga watan sun far wa ƙauyen Tayba, ɗaya daga matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kanabi, suka kashe aƙalla mutum 26. Mazauna kanabi kuwa yawancinsu 'yan asalin yammacin Sudan ne da Afirka ta Yamma.

Bambancin a fili yake. Wanda ya dawo ya shiga ƙarƙashin doka ya ƙara wa runduna ƙarfi. Wanda ya dawo da tasa rundunar da nasa suna, ya ƙara wa ƙasa wani ciwon da za ta yi jinya gobe. Manyan sojojin ma sun san haka. A watan Maris na 2024, a Gadarif, Janar Shamsuddin Kabbashi ya yi gargaɗin cewa mayaƙan sa-kai za su zama babban haɗari idan ba a yi musu doka ba, kuma aka bar jam'iyyun siyasa suna shiga sansanoninsu. Sai a Agustan 2025 Burhan ya ba da umarnin duk dakarun da ke taya sojoji yaƙi su koma ƙarƙashin Dokar Rundunar Soja ta 2007. Wannan doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma tanadi hukunci kan laifukan yaƙi. Umarnin ya yi daidai, saura a ga aiki da shi, domin a farkon Afrilun 2025 shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya yi Allah wadai da kashe-kashen da aka yi wa waɗanda ake zargi da haɗa kai da RSF bayan sojoji sun karɓi Khartoum.

A nan darajar tsohon soja take. Harbi kowa na iya koya cikin mako guda. Abin da dattijon ke da shi wanda saurayin ba shi da shi, shi ne sanin lokacin da ba a harbi. Ya san fursuna amana ne, ya san kayan gidan mutane ba ganima ba ne, ya san mai sayar da shayi da ta zauna a Umbadda saboda ba ta da kuɗin gudu ba maciyar amana ba ce. Idan aka dawo da shi aka ba shi iko na gaskiya a kan samarin, zai hana ɓarna mai yawa. Idan kuwa aka mayar da shi mai koyar da harbi kawai, umarni yana hannun 'yan siyasa da shugabannin ƙabila, an yi asarar mafi tsadar abin da ya zo da shi.

Rabon Hausawa a ciki

Hausawa sun daɗe a Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su, sannan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Guminsu na cikin gonakin audugar Jazira tun buɗe aikin a 1925. Duk da haka ba a daina yi musu gorin asali ba. A Yuli da Oktoban 2022 rikici kan ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Khartoum da wasu garuruwa.

Saboda haka, idan Bahaushen Sudan ya sa kaki, ko ya sake sawa bayan ritaya, akwai wani nauyi a zuciyarsa da ya wuce na sauran: yana so a shaida cewa ƙasar tasa ce. Wannan buri ne mai kyau, amma ina jin tsoron a mayar da shi ciniki. Zama ɗan ƙasa haƙƙi ne da aka haifi mutum da shi, bai kamata a ce sai ya saye shi da jini ba. Haka kuma duk mai ƙaunar Hausawan Sudan zai ba su shawarar su guji runduna mai sunan ƙabila. Wanda zai yi aikin soja ya yi shi da lamba da muƙami a rundunar ƙasa. Al'ummar da ke warwatse daga Kasala zuwa Gadarif, daga Sinnar zuwa Umbadda, ita za ta fi kowa shan wuya ranar da aka fara ramuwar gayya da sunan ƙabila.

Darasi ga na gida

Najeriya ta taɓa bin wannan hanya. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 an kira mazan jiya, har da waɗanda suka yi yaƙin Bama, aka buɗe ƙofa ga sababbin kurata. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kai kusan 250,000 a 1970. Tara su ya fi sallamar su sauƙi. Shirin rage yawan soja na daga abubuwan da aka ambata cikin ƙorafin waɗanda suka kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976. A zamaninmu kuma mun ga 'yan kato-da-gora a Maiduguri tun 2013, da dakarun tsaron al'umma na Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara a 2024. Duk inda aka miƙa wa jama'a bindiga, tambayar ɗaya ce: wa zai karɓe ta, yaushe, kuma da me za a musanya ta? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bashin da ke kan ƙasa

Yaƙin Sudan bai ƙare ba. Al-Fashir da ke Darfur ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025, faɗa ya koma Kordofan, mutanen da suka bar gidajensu sun haura miliyan goma. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ya kamata a tsara yadda za a sallami waɗanda aka kira.

Kowane mai amsa kira, tsoho da yaro, a rubuta sunansa, a ba shi lamba, a san kwamandan da zai amsa tambaya a kansa. A fayyace wa tsohon soja matsayinsa a rubuce: muƙaminsa, albashinsa, da yadda za a lissafa waɗannan shekaru cikin fanshonsa. Wanda ya rasa ƙafa ko ido a kula da shi a asibitin soja kamar kowane soja. Wanda ya rasu, matarsa da marayunsa su karɓi haƙƙinsu ba tare da an ce musu sunansa ba ya cikin rajista ba. Dattijon da jikinsa ya gaza a sallame shi da mutunci tun kafin ya faɗi. Kuma kowace bindiga da aka fitar daga rumbu a san hannun da take, domin unguwa mai cunkoso irin Umbadda ba za ta zauna lafiya da makamai a ƙarƙashin gadaje ba.

Malamai da limamai da shugabannin Hausawa a Omdurman su ma suna da aikin da ba sai sun jira gwamnati ba. Su tattara sunayen 'ya'yansu da suka tafi, da waɗanda suka dawo da rauni, da waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba. Su bi wa zawarawa haƙƙinsu ofis-ofis. Su zauna da waɗanda suka dawo, domin mutumin da ya ga yaƙi sau biyu yana ɗauke da abin da ba zai iya faɗa wa iyalinsa ba. Waɗannan dattawa sun riga sun sauke nauyin da ke kansu tun a karon farko, wannan na biyun ƙari ne suka yi. Hukumar da ta karɓi ƙarin ita ake bi bashi, kuma wajibi ne ta biya su da iyalansu tun suna raye.